Ƙarar da Na Ji a Wuyanka

Zuwa ga Umaru,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da kana raye ban taɓa kiran sunanka ba, saboda kunyar ɗan fari. Yau na rubuta shi, da hannun da ya koyi riƙe biro bayan furfura.

Gida lafiya. An kwashe albasarka ta fadamar Danchadi. Matarka Hajara ta fita takaba. Ni ce dai ban huce ba.

Kashegarin Layya ka ci nama ka ƙoshi, amai ya taso maka da ƙarfi, sai ka dafe ƙirji, gumi na zuba. Da muka kai ka ɗakin shan magani, ma'aikacin ko rigarka bai ɗaga ba. Ya ce olsa ce, ya ba ka farin magani ka sha. Ni kuwa da na tallafo wuyanka, na ji fatar tana ƙaras-ƙaras kamar busasshen ɓawon albasa. Na faɗa masa. Ya yi dariya, wai tsohuwa ta zama likita. Kawunka ya harare ni, wai uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari gaban mutane. Sai na ja bakina.

Sai da ka kwana biyu numfashi na sarƙewa aka kai ka Sakkwato. Likita ya taɓa inda na taɓa, ya sa aka ɗauki hoton ƙirjinka nan take. Ya ce yunƙurin amai ne ya tsaga hanyar abinci, iska ta shiga ƙarƙashin fata. Ya tambaya me ya sa ba a kawo ka ranar farko ba. Kawunka ya sunkuyar da kai. Ina hararar ta tafi?

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. A kwana biyun nan ni na riƙa dama fura ina lallashinka ka sha. Ashe cikin ƙirjinka take zuba. Ka yafe mini?

Kullum ana ce mini in yi haƙuri, kwananka ne ya ƙare. Na yarda da hukuncin Allah. Amma dariyar nan ba Allah ya yi ta ba, shirun nan kuma ni na yi shi. Wace kunya ce ta fi numfashinka? Duk mai zuwa gaisuwa yanzu sai na kama hannunsa na ɗora a wuyana, na nuna masa wurin. Kawunka ya daina shigowa. Ya daɗe bai shigo ba.

Allah ya haskaka kabarinka. Sai na taho.

Innarka, daga Bodinga.