Sunan da ka kira a filin kokowa

Keita, ranar Laraba, 1995

Zuwa ga Alƙasim, gawona mai ganye lokacin da sauran itatuwa suka bushe, ruwan farko da ke sauka kan duwatsun Adar, sanyin randata, hasken idona! Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka a Tawa cikin ƙoshin lafiya, kuma ciwon bayan nan naka bai tashi ba. Ka ga halina ko? Da niyyar faɗa na ɗauki alƙalami, ga shi na fara da tambayar bayanka.

Ka tuna bara, da aka kayar da kai a kokowar kaka a Buza? Ka dawo gida kana huci, wai ba ƙarfi aka fi ka ba, kayan aiki aka fi ka. Wai 'yan kokowar birni suna da ɗaki guda cike da ƙarafunan motsa jiki, kai kuwa ba ka da komai sai hauya da jakin babanka. Na shiga zauren Baba na jawo ƙarfen sikelinsa, na zamanin da yake awon albasa a kasuwar Madawa, dunƙulen baƙin ƙarfe mai kilo ashirin, da hannu a samansa kamar na buta. Na ɗora shi a kaina bisa gammo, na ratsa gari da shi har gindin aduwar hanyar rijiya, na dire maka a gabanka.

Wayyo girman kai irin na maza! Ka cafe shi da damtse kana fizga, kwana uku bayanka ya riƙe, kana tafiya kamar tsoho mai neman allura a ƙasa. Ni da na shekara huɗu ina ɗaukar dutse a aikin poroje na raya ƙasa, muna jera shi a gangaren tudu don ya tare ruwa, ni na gaya maka abin da kowace mace a shantiye, wurin aikin namu, ta sani: da ƙugu muke ɗaga nauyi, hannu riƙo kawai yake yi. Na nuna maka yadda za ka buɗe ƙafa, ka miƙe baya, ka bar ƙarfen ya wuce tsakanin ƙafafunka, ka tura ƙugu gaba, shi da kansa zai tashi har ƙirjinka. Da ka ga fuskarka ran nan, mace tana koya maka ɗaukar ƙarfe a gaban masu ɗibar ruwa!

Daga nan kowace safiya, kafin in tafi aiki, kana lilo da shi ina ƙirga maka. Hamsin da dama, hamsin da hagu. Ka ɗaga shi bisa kai, ka rungume shi a ƙirji kamar jariri ka tsuguna ka miƙe, ka hau tudu da shi ka sauko. Bari in tona wa kaina asiri yau, tunda ranar tonon asiri ce: sau da yawa idan na kai arba'in da tara sai in koma arba'in. Kana zaton lissafi ne ban iya ba. Na iya sarai. Kallon ka ne bai ishe ni ba, ya kai abin sona, zufa tana bin wuyanka, rana tana fitowa ta bayanka. Wata bakwai muka yi a haka, mata suna yi mini dariya suna cewa na zama mai horar da bijimi, ni kuwa ina jin daɗin sunan.

Ranar da ka yi ɗari ba ka ajiye ba, ka zube ƙasa kana haki, ka ce mini idan aka zaɓe ka zuwa kokowar jiha, ka shiga fili makaɗa suka taso, ƙasar nan duka za ta ji sunana a bakinka. Ni ban roƙe ka ba, Alƙasim. Kai ka faɗa, ka kuma rantse. Kuma ka fi ni sanin cewa ɗan kokowa ba ya kiran sunan mace a kirarinsa don wasa. Idan ya ce shi na wance ne, ya gama gaya wa duniya inda zuciyarsa take.

Ranar Lahadi da la'asar na share ƙofar gidanmu, na shimfiɗa tabarmi, na sa wa rediyon Baba sabon batir. Ni da ƙafata na bi gida gida na kira matan shantiye, na ce su zo su ji kokowarka a rediyo. Baba yana kan kujerarsa, shi da ya karɓi goron tambayata daga hannun iyayenka. Aka ce ga na Keita ya shigo, kalangu ya ɗauka, mata suka fara guɗa suna taɓa ni. Sai muryarka, muryar da zan gane ko a cikin kasuwa:

"Sai ni Alƙasim, bijimin Adar, na Balkisu!"

Guɗar ta yanke. Balkisu! Wace ce Balkisu? Gwaggo A'i ta yi ƙoƙarin rufa mini asiri, ta ce wataƙila ƙanwarka ce. Kowa ya sunkuyar da kai, don duk Keita an san babu mai wannan suna a gidanku. Ni na san sunan kowace mace a zuriyarku, har akuyar innarka na san abin da ake kiran ta. Jiya direban kamiyo, babbar motar da za ta kawo maka takardar nan, ya gaya mini, 'yar gidan da aka sauke ku ce a Tawa. Sati uku ke nan da tafiyarka. Sati uku kacal!

Me ta yi maka da ban yi ba? Ita ta gasa maka baya da ruwan zafi? Ta san da hannun hagu kake fara gajiya? Ƙugun da ka ɗaga abokin karawarka da shi, har mai sharhi yana ihu yana cewa bai taɓa ganin irinsa ba, a gaban wa aka gina shi? Ka ci amanata, masoyina, ka ci ta a gaban ubana da ƙawayena, a ranar da ni na tara su. Na yi kuka har idona ya kumbura, kuma ban ji kunyar faɗa maka ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. Bayan ka kira sunanta, da aka ce abokin karawarka ya kama ƙafarka kana tangaɗi, sai na tsinci bakina yana roƙon Allah kada ka faɗi. Kowa ya watse, ni kaɗai na rage a kan tabarma, kunnena manne da rediyo, har aka ce ka kayar da shi. Wannan wace irin zuciya Allah ya ba ni?

Baba ya ce zai aika gidanku a warware magana. Na durƙusa na roƙe shi ya jira Lahadi mai zuwa, ranar karawarka ta ƙarshe, ya yarda da ƙyar. Zan sake share ƙofar gida, zan zauna a gaban mutanen nan da suka ga kunyata. Don girman Allah, Alƙasim, ka gyara abin da bakinka ya ɓata. Idan zuciyarka ba za ta iya kiran sunana ba, kada ka kira shi don tausayi, ba na so. Amma kada ka sake kiran nata ina ji. Ka yi kirarinka ba sunan kowa, zan gane, zan tashi in shiga gida da sauran mutuncina.

Matan shantiye sun riga sun yi mini sabon suna. Idan na ɗauko dutse sai su kira ni daga nesa, Cima ta Alƙasim na Balkisu. Suna kira ina amsawa, don rabin farkon gaskiya ne, kuma ban ga ranar da zai zama ƙarya ba.

Taka, ko ka kira ko ba ka kira ba, har ranar da za a mayar da ni ƙasa,

Cima