Ba Shekwolo Ne Ya Jefe Ni Ba

Madain Fahd, Jidda
3 ga Sha'aban

Zuwa ga Yayana Zaharaddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya kuma sauwaƙe maka ciwon gwiwar nan. Mu nan alhamdu lillahi. Har yanzu ina gadin sito kusa da tashar jiragen ruwa. Matata Wafa' ta samu sauƙin tarin, sai dai ɗakin da muka koma ba shi da taga. Ƙaramarmu Lina ta fara tafiya.

Yaya, maganar Shekwolo ce ta sa na ɗauki biro. Na ji 'yarsa ta zo gidanka ta durƙusa tana neman mu sa baki a saki ubanta, ka ce mata ta fara dawo wa ƙaninka da idonsa tukuna. Na san don ni ka faɗa. Kai ka kwana wata biyu a asibiti kana jinyata. Amma akwai abin da ban taɓa gaya maka ba.

Ranar da kamfani ya tura ni da katafila in share ƙauyensu na Gbagyi, Shekwolo ne ya tara mutane, wannan gaskiya ne. Ya zage ni, ya zagi uwar da ta haife mu, ya ce kakanninsa ne kwance a inda zan bi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Sai dai lokacin da aka jefo dutsen da ya fasa mini ido yana tsaye a gabana, hannayensa biyu dafe da bakin katafila. Daga hagu dutsen ya zo, ban kuma ga wanda ya jefa ba. A kotu lauya ya tambaye ni ko shi ne, ido na min zugi, ina so wani ma ya ɗanɗana, na ce shi ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana ɗaure a kan bakina.

Ba zan yi maka ƙarya in ce tsoron Allah ne ya fara tada ni ba. Sai da aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidanmu a unguwar Karantina nan Jidda, alamar rusau, aka ba mu kwanaki mu tashi. Na tsaya da katifa a ka ina kallon mai katafilar yana shan shayi a ciki, kamar yadda nake yi a da. Ni fa haya nake, ko iƙama, takardar izinin zama, ba ni da ita, duk da haka na kasa barin wurin. Surukata kuwa a unguwar aka haife ta. Har gobe kullum da la'asar sai ta ɗaura gyalenta ta ce yalla, mu tafi, a mai da ita gida.

An ce ciwon suga ya ci wa Shekwolo ƙafa ɗaya, matarsa kuma ta rasu bai ga gawarta ba. Kwamitin da ke duba afuwar fursunoni zai zauna kafin azumi. Na rubuta gaskiyar abin da na gani a wata takarda, na dangwala hannu a gaban shaidu biyu, na ba Hajiya Sadiyya maƙwabciyarku da ta zo umara, tare da wannan wasiƙa. Ni ba ni da takardun zirga-zirga, in na fita ba dawowa, ga yara. Don Allah ka kai musu da hannunka. Kai ka riƙe ni muka shiga kotun, in daga gare ka ta fito za su fi saurara. Ban sani ba ko za ta isa a sake shi, ban kuma san abin da za ta jawo mini ba. Na yarda.

Ka gaida Inna, ka ce mata ina cin abinci. Ka gaida Yaya Khadijatu da yara duka. Wafa' na gaishe ku.

In ranka bai ba ka ka kai ba, ba zan ga laifinka ba. Sai dai kada ka ajiye ta a aljihu ka yi shiru. Ka miƙa wa 'yar tasa, ta karanta ta san abin da na yi wa ubanta.

Naka ƙani,
Abdulwahid