Addu'ar da Na Janye

Zuwa ga ɗana Yakubu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a kan teku. Da hannuna nake rubuta maka. Ka yi haƙuri da jinkirina, ka san sai da na yi jikoki na shiga ajin karatu na zumuntar mata ta coci.

Ina nan garin Al Wakrah na bakin teku, wurin yayarka Ladi. Da sassafe take fita asibiti, yara su tafi makaranta, gida ya rage daga ni sai ƙarar na'urar sanyi. Bayan la'asar nakan taka zuwa inda masunta ke ɗaure jiragensu. Ladi ta ce babban jirgin ruwanku yana cikin tekun nan. Ina ta dubawa, ban taɓa hango komai ba.

Saƙonka ya iso, na bi shi da yatsa layi-layi. Ka ce in za ka sauke jirgin yaƙinka a kan jirgin ruwan, akwai fitilar da ke nuna maka ko ka yi sama da yawa ko ka yi ƙasa. Sau biyu ka ga ka yi sama, ka danno jirgin fiye da kima, jami'in da ke tsaye a gefe ya kunna jar fitila, ya ce ka tashi ka sake zagayowa. Saura gwaji ɗaya, in ka faɗi a cire ka daga tuƙi.

Yakubu, akwai abin da na ɓoye maka. Tun ranar da ka nuna mini a waya yadda ƙugiyar jirginka ke cafke igiyar ƙarfe don ya tsaya a kan jirgin ruwan, kana dariya kana cewa, "Mama, filin ma tafiya yake yi," tsoro ya kama ni, na shiga roƙon Allah ya sa su cire ka. Shekara biyu ke nan. Ko Ladi ba ta sani ba.

Ga shi abin da na roƙa ya kusa, ban ji daɗi ba. Inda ka rubuta "hannuna ne ya yi gaggawa", nan na tsaya, na kasa cin abinci. Kana can kana zargin hannunka, uwarka tana nan tana jan ka baya.

Na janye, ɗana. Tsoron bai tafi ba, amma nawa ne, zan riƙe abina.

Allah ya natsar da hannunka, ya sa ka ga fitilar a tsakiya, ka ji muryar mai yi maka jagora. Ya sa ka ci gwajin nan. Amin.

Ko yaya ta kasance, ni za ka fara faɗa wa.

Mahaifiyarka,
Saratu