Yayana Ya Daina Zuwa Duba Lasifika

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan ji kunyar faɗa wa fasto.

Yayana mai gyaran lantarki ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Mutum ne na kirki, amma rabonsa da coci tun yana saurayi. In ka ɗauko masa zancen Allah sai ya ce ka bari ya gama shan shayi, shayin kuwa ba ya ƙarewa. Kwanaki lasifikar cocinmu ta fara ƙara kamar ana suya, na roƙe shi ya zo ya duba. Ya gyara ta tsaf, sai ya ce dole ya zauna har a tashi sujada, ya ji ko za ta sake. Ba ta sake ba. Amma Lahadi ta gaba sai ga shi da jakar aiki, wai zai duba waya. Haka ya yi ta zuwa yana zama can baya kusa da soket, sukundireba a hannu, kunne na wajen wa'azi. Har ya taɓa tambayata a hanya ko gafara tana da iyaka. Murna kamar ta kashe ni, amma na kama bakina.

To, mijina yana zuwa ajin tauhidi na yamma. Ina son abina, amma tun da ya fara, ko gishiri ka ce ya miƙo sai ya haɗo maka da aya. Wata Lahadi muna cin abinci tare da Yaya, Mama mahaifiyarmu ta ce ta gode Allah ɗanta ya fara neman Ubangiji. Mijina ya ajiye cokali, ya ce a yi masa afuwa amma ba haka ba ne, wanda ba a sake haihuwarsa ba matacce ne cikin zunubi, gawa kuwa ba ta neman kowa sai Ruhu ya tashe ta. Mama ta ce ita ba ta shiga aji ba, amma ta san an yi wa mai nema alkawarin samu, kuma Allah ba zai ce mutum ya zo ba alhali ya san ba shi da ƙafa. Suka yi ta jifan juna da ayoyi ta saman kwanon miya, Yaya na zaune a tsakiyarsu. Ya yi dariya ya ce a ƙara wa gawa shinkafa, mu ma muka yi dariya.

Tun ranar bai sake taka cocin ba, sai aike ya yi wai lasifika lafiyarta ƙalau. Ina tsoro kada ya koma gidan jiya. Mijina ya ce in Allah ke jan sa zai dawo da kansa, Mama ta ce a je a ɗauko shi, ni kuma zuciyata tana ta raya mini in je in kwance waya ɗaya a bayan lasifikar. Wa ke da gaskiya a cikinsu? Yayana neman Allah yake, ko ni ke yaudarar kaina?

Ƙanwar mai gyara

Ƙanwata, ki bar wayar nan. Ko wuta ta ja ki, ko yayanki ya gane hannu ne ya kwance ta.

Gardamar mijinki da Mama ta girmi kakanninmu, kuma masu tsoron Allah na gaske suna kowane ɓangare. Mijinki yana kare abu mai kyau: ceto alheri ne, ba mai bugun ƙirji ya ce wayonsa ya kai shi wurin Allah. Mama ma tana kare abu mai kyau: kiran Allah ba wasa ba ne, wanda ya zo ba a korar sa. Ba ni zan raba musu gardama a wannan fili ba. Amma ki lura, a kan yayanki hanyarsu ɗaya ce. In Mama ce da gaskiya, yana nema. In mijinki ne, to mutumin da ya fara tambayar iyakar gafara, ai alama ce mai kyau cewa Allah ya riga ya fara aiki a cikinsa. Malaman mijinki ma ba su koyar da a naɗe hannu ba, sun ce ta bakin mutane Allah ke kira.

Laifin ba na koyarwa ba ne, na ladabi ne. An baje mutum a tebur ana tattauna shi yana ji, dariyar da ya yi kuwa ta rufe kunya ce. Ki sa mijinki ya je shagon yayanki shi kaɗai, ya bar ayoyi a gida, ya ba shi haƙuri. Ya biya ta wurin surukarsa ma, ita ma tana bin sa bashin ban haƙuri. In suna son ci gaba da gardamarsu, su yi bayan baƙi sun tafi.

Ke kuma ki je ki faɗa masa da bakinki cewa kina kewarsa a coci, kuma ba sai da dalili zai zo ba. Kada ki matsa masa, kada ki tambaye shi ko ya tuba. In ya ce ba yanzu ba, ki karɓa da fara'a, ki ce duk da haka abincin Lahadi yana jiransa. Ya riƙe ki lokacin da ba ki iya yi wa kanki komai ba, yanzu ke ki riƙe shi. Allah ya dawo muku da shi, ya bar ku tare.

Antinku