Yatsan Auta a Cikin Kwamfutar Ofis

Litinin, 3 ga Maris

Manhajar rajistar jarrabawa ta ƙi hawa kan kwamfutar ofis. Sabuwa suka turo bana, wai furosesarmu ta tsufa. Yara talatin da ɗaya nake da su a ajin ƙarshe, kuma ranar Juma'a, 14 ga wata, za a rufe rajista. Wanda bai shiga ba sai baɗi. Kwamfutocin ajin koyo sun fi wannan tsufa, Shugaba kuma ta ce ba za a kai bayanan yara shagon waje ba.

"Malama, ke ce ta kwamfuta," in ji ta. "A canja mata ƙwaƙwalwa kawai mu huta."

Na ce to. Ban gaya mata cewa Auta ne ya rufe murfin kwamfutar nan na ƙarshe ba. Ƙanena, wanda ni na koya masa riƙe sukudireba har ya zarce ni. In ya taso daga aiki nan yake biyowa ya duba mana na'urori. Wata takwas ke nan da rasuwarsa. Zazzaɓin kwana uku.

Talata, 4 ga Maris

Fankar kwamfutar na yin wani ƙara in an kunna ta, gajere, sau biyu. Sak gyaran muryar da yake yi in zai roƙe ni wani abu. Na san ƙura ce. Na sani sarai. Amma yau da rana tsaka, ni kaɗai a ofis, sai da na waiwaya.

Laraba, 5 ga Maris

Na je wurin mai gyara da lambar kwamfutar a takarda. Dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya ce ba kowace furosesa ke zama a kowane gurbi ba, sai wadda aka yi wa irin ramin. Ya tono wata daga akwati, ta hannu ce amma lafiyayya, ya haɗa min da ɗan man toka da ake shafawa don zafi ya fita.

"Ƙwayar shinkafa ɗaya, Malama. Ba bango za ki shafe ba."

Na yi dariya. Sai ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Ke ce yayar yaron nan mai gardama?" Na ce ni ce. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya ƙi barina in tafi sai da ya nannaɗe min abin da kansa.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban buɗe ba.

A aji na gaya wa yara abin da za a yi, don ina son su san komai da ake yi saboda su. Wata 'yar gaba-gaba da suke kira Lauya ta ɗaga hannu.

"Malama, ke kika ce furosesa ce ƙwaƙwalwa. To in aka cire mata, ba za ta manta da mu ba?"

Aji ya fashe da dariya. Na yi musu bayani mai kyau, har da zane a allo: furosesa lissafi take yi, ba ta riƙe komai. Hotuna da sunaye suna cikin ma'ajiya, ba wanda zai taɓa su. Suka gane, na ga fuskokinsu. Ni da na yi bayanin ce na koma ofis na zauna ina kallon akwatin ƙarfe kamar wadda aka ce ta yanka wani abu mai rai.

Laifina ne. Shekara goma sha biyu ina cewa ƙwaƙwalwa.

Asabar, 8 ga Maris

Mama ta tambaye ni me ya hana ni cin abinci. Na ce aiki. Ta ce, "Aikin da ya ƙi ƙarewa ko wanda kika ƙi farawa?" Ba a ɓoye wa matar nan komai.

Litinin, 10 ga Maris

Saura kwana huɗu. Na buɗe.

Na zare wuta, na taɓa ƙarfen taga don kada wutar jikina ta lalata wani abu, na kwance sukurori biyu na baya. Wayoyin ciki a ɗaure suke tsaf da zare baƙi, irin ɗaurin Auta mai kunne ɗaya. Na kwance fanka da ƙarfen sanyaya da ke kan furosesa, na ɗaga.

A gefen ƙarfen akwai shatin babban yatsa cikin busasshen man toka. Cikakke, har layukan fata.

Da yatsa yake shafa man. Sau nawa na yi masa faɗa. "Yaya, hannu ya fi littafi sani." Ya shafa, ya ɗauki ƙarfen da hannun bai goge ba.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Fanka na kan tebur, ba wuta, ba waya, amma na rantse na ji gyaran muryar nan. Na mayar da komai ban ɗaure ba, na kulle ofis, na ce wa Shugaba kaina ke ciwo, sai gobe.

Talata, 11 ga Maris

Lauya ta tare ni a baranda. "Malama, babana ya ce in ban zana bana ba, ba zai iya jiran baɗi ba. An gyara?" Na ce gobe. Ta ce, "Jiya ma gobe kika ce wa Shugaba." Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Da ma da rashin kunyar ne.

Laraba, 12 ga Maris

Na yi. Na goge ƙasan ƙarfen kaɗai da auduga da sifirit, na riƙe shi ta kusurwa don kada in taɓa shatin. Na ɗaga ɗan hannun da ke danne furosesa, na cire tsohuwa, na daidaita alamar kusurwa ta sabuwa, ta zauna ba tare da na danna ba. Ƙwayar shinkafa ɗaya. Na ɗaure, na kunna.

Fanka na juyawa, fuskar kwamfutar baƙa ƙirin.

Sau huɗu ina kunnawa. Abin da ya fara zuwa min a rai, kuma ina jin kunyar rubuta shi: Auta ne ya ƙi.

Na kira mai gyara. Ya ce, "Kin sabunta 'yar manhajar da ke tada ta? Ai ba ta san baƙuwar ba. Mayar da tsohuwar, ki sabunta, sannan ki sake sakawa." A aji nake koyar da wannan. A aji!

Alhamis, 13 ga Maris

Na mayar da tsohuwar, ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ta yi gyaran muryarta sau biyu. Na ce, "Na ji." A fili na faɗa.

Na sa filash mai ɗauke da sabuwar manhajar, na sabunta, minti shida ina addu'a kada wuta ta ɗauke. Na kashe, na sake kwancewa. Lokacin har an buga ƙararrawar ƙarfe tara, yara sun taru a taga suna leƙe, ina ta sauri, na goge, na saka, na share ƙurar fanka, man ya ɗiga a hannuna, na ɗauki ƙarfen na ɗora.

Ta tashi. Manhajar ta hau. Yara suka yi ihu har Shugaba ta fito da gudu.

Sai da zan rufe murfi na duba gefen ƙarfen. Inda hannu ke kamawa wuri ɗaya ne. Babban yatsana ya sauka a kan nasa da ɗanyen mai, ya murje shi. Ba nasa, ba nawa, dabbare kawai.

Na rufe. Na shigar da mutum goma sha tara kafin a tashi.

Juma'a, 14 ga Maris

Talatin da ɗaya, ƙarfe sha ɗaya da kwata. Na buga wa kowa takardarsa. Lauya ta karanta tata sau uku tana neman kuskure.

Ofis shiru. Fankar ba ta cewa komai yanzu. Na kashe na kunna ba dalili, na saurara.

Litinin, 17 ga Maris

Na yi niyyar kai tsohuwar furosesar gida in sa a akwatin Mama. Tana cikin jakata na shiga aji, kuma darasin yau kayan ciki ne, zane a allo ba ya isa. Na fito da ita na miƙa wa na layin gaba, na ce kowa ya taɓa ya miƙa. Ta zaga hannu talatin da ɗaya. Wani ya yar da ita, ta gangara ƙarƙashin benci, aji ya yi tsit suna jiran in yi faɗa. Na ce ya ɗauko ya hure ta.

Suka tambayi wa ya saka ta tun farko. Na ba su labarin Auta, har da gardamarsa, har muka ci rabin lokacin malamin lissafi muna dariya.

Na bar ta a durowar aji. 'Yan aji biyu ma suna da wannan darasin ranar Laraba, shi ya sa.