Kofi Mai Jan Fenti

Ni Sosan Bibi, matar marigayi Khushi Masih, nake rubuta wannan da hannuna, a ƙauyenmu na gefen hanyar birnin Sahiwal, cikin watan Yuli. Hankalina garau yake. Ƙafafuna sun kumbura, likita ya ce zuciyata ta gaji, amma kaina bai taɓu ba. Na fara da wannan ne domin na san matar babban ɗana za ta ce zafin bana ne ya hau mini ka. To, ba zafi ba ne, Rubina. Na san ranar da muke, na san sunan kowane jikana, na kuma san abin da kika yi.

Ku uku nake wa magana: Shamaun, babba, dattijon ikkilisiya, Patras, da ke Karachi, da Nargis, auta. Padri Ilyas, limamin majami'armu, shi ne zai karanta muku, a tsakar gida, kafin a ɗauke ni, gaban duk wanda ya zo jana'iza. Kada a kai takardar nan ɗaki a rufe ƙofa. Abin da aka yi a bainar jama'a aka yi shi.

Na ɗaya. Tsakar gidan nan, da darbejiyar da ubanku ya dasa, da famfon tuƙa-tuƙa da ya haƙa, da randuna biyu na gindin bishiyar, duk na bar wa Nargis. Na je gari na sa hannu a gaban shaidu tun makon jiya, saboda haka kada wani ya wahalar da kansa.

Kun san abin da filin nan yake a wurinmu. Gida goma sha tara ne mu a ikkilisiyar nan, majami'armu kuma ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano, wadda da bazara ko akuya ba ta yarda ta kwanta a ciki. Shi ya sa shekara arba'in da ɗaya ke nan, da zarar an rufe makarantu a watan Yuni, a inuwata ake karatun bazara. Mako uku yara suna zuwa tun da sassafe, a yi waƙoƙin yabo da harmoniya da ganga, a haddace ayoyi, manya su zo addu'a da la'asar, ranar ƙarshe kuma a dafa shinkafa a babbar tukunya, a tafi bakin babbar magudanar ruwan noman rani a yi baftisma. Ni kaina a nan na koyi karatu ina da shekara arba'in, ina zaune cikin yara suna yi mini dariya. Da ba don inuwar nan ba, da yau wani ne zai rubuta mini wasiyya, ya kuma sassauta ta.

Sharaɗina ɗaya ne, Nargis. Moɗa ɗaya za a ajiye a bakin randa. A wanke ta sau ɗari a rana in ana so, amma ɗaya ce. Ranar da ta zama biyu, ki tsayar da karatun, ki kori manya, ki bar yara.

Na biyu. Zan faɗi dalili, don Patras bai tsaya ya ji ba, waɗanda suka ji kuma sun yi kamar ba su ji ba.

Bana Shamaun ne ya shugabanci karatun bazara. Yara ashirin da shida suka zo. Tara daga cikinsu 'ya'yan masu aikin toya jan bulo ne, can bayan gari, cikinsu har da Rahel, 'yar Nargis, mai shekara takwas, tunda ubanta Boota can yake aiki. Ran kwana na huɗu ina kwance a ɗaki, ciwon ya kayar da ni, sai ga Rahel ta shigo, leɓenta a bushe, ta tsaya a bakin gado. Ta ce, "Nani," wato kaka, "mu ƙazamai ne?" Na ce wa ya gaya miki? Ta ce, "Ba wanda ya faɗa. Matar Kawu ce ta ba mu kofinmu daban, ta ce mu riƙa sha da shi, kada mu taɓa na randa. Ni kuma na ƙi sha tun jiya."

Na miƙe da sandata na fita. Moɗar tana bakin randa inda take kullum. A can gefe, a jikin bangon makewayi, an kafa ƙusa an rataye wani kofin roba, an ɗiga masa jan farce a gindi don kada a rikita. Jan farcenki ne, Rubina, irin wanda yake yatsunki a ranar.

Na kira Shamaun gaban yaran. Ka tuna abin da ka ce mini? Ka ce, "Haba Ammi, tsafta ce kawai. Yaran nan tari suke yi, ga ƙurar bulo a hannunsu. Iyayen sauran ne suka yi ƙorafi." Na ce, ɗanka Danial ma tari yake yi, majina har baki, da wane kofi yake sha? Ka yi ƙasa da murya ka ce, "Ammi, don Allah ki koma ɗaki, kina kunyata ni a gaban mutane."

Na koma ɗaki. Wannan ne laifina, kuma na kai shi gaban Ubangiji. Da ina da ƙarfin shekara goma da suka wuce, da kofin nan a ka zan fasa maka shi. Washegari yaran bulo tara ba ko ɗaya da ya dawo. Ranar shinkafa iyayensu ba su zo ba. Boota, wanda aka shirya za a yi masa baftisma bana bayan shekara uku yana koyo, ya aiko cewa zai jira sai an samo masa tasa magudanar ruwan daban. Gida shida ke nan cikin goma sha tara suka daina zuwa sujada, ku kuwa kuna ta murna wai yanzu majami'a ta yi sarari.

Na uku. Shamaun, gadonka yana cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin bargon ubanka, a naɗe cikin tsumma. Kofi ne na tasa, bakinsa ya ɓantare, da ɗigon jan fenti a gindi. Ka san shi.

Shekara ashirin da shida ina shara a makarantar 'yan mata ta gari, da kofin nan nake shan ruwa. A ƙusa yake rataye bayan makewayi, domin a wurin mutanen makarantar mai shara ƙazami ne. In zan sha, sai in riƙe shi can ƙasa, a tsiyayo mini ruwa daga sama don kada bakin buta ya taɓa shi. Ban ce duka haka suke ba. Akwai wata malamar lissafi da ta sha da shi sau biyu a gaban kowa don ta nuna musu, Allah ya saka mata. Amma sauran shekarun haka na yi su.

Kana ɗan shekara tara ka biyo ni wurin aiki a wata bazara irin wannan. Ƙishi ya kama ka, ka ɗauki kofin gilashi na malamai ka sha. Mai gadi ya mare ka har ka faɗi, aka fasa kofin a gabanka, aka sa ni na share gilasan. A hanyar gida ka yi kuka har numfashinka yana sarƙewa. Ka riƙe gefen mayafina ka ce, "Ammi, in na girma zan saya miki kofi ɗari, kowa ya sha da naki."

Saboda wannan ranar na yi ta shara har bayana ya ranƙwafa, don ka yi karatu, kada kowa ya sake tsiyayo maka ruwa daga sama. Ka yi karatun. Ka zama akawu, kana sa farar riga mai guga, ana ce maka Babu Shamaun, yadda ake girmama akawu. Ashe abin da ka koyo shi ne inda ake kafa ƙusar. Waɗancan ba su san mu ba, ba jininmu ba ne, ba littafinmu ɗaya ba. Kai kuma 'yar ƙanwarka ka yi wa, a gidan uwarka, kana riƙe da Maganar Allah a hannun hagu. Na fi jin zafin naka sau dubu, kuma ban yafe ba tukuna. Ina so in yafe kafin in tafi, amma ba zan rubuta ƙarya a takardar mutuwata ba.

Ɗakunan gaba biyu da kake ciki, zauna abinka, ban kore ka ba. Amma bangon da ka auna za ka gina a tsakar gida, da ƙofar ƙarfe mai kwaɗo, ka manta da shi. Ba filinka ba ne. Ka kuma tuna bulon da za ka yi ginin da shi, hannun Boota ne ya buga shi.

Na huɗu. Rubina, 'yan kunnena na azurfa da kike leƙe tun ranar da aka kawo ki, na Rahel ne. Ke na bar miki tsintsiyata ta ƙarshe, tana bayan ƙofa. Kina gaya wa matan coci cewa danginku ma'aikatan asibiti ne, ba masu shara ba. Na san kakarki. Layi ɗaya muke sharewa a kasuwar hatsi kafin in samu aikin makaranta, mace ce mai kirki, ta fi ki fara'a. Ban ga abin ɓoyewa a cikinta ba.

Na biyar. Patras, harmoniyar ubanka taka ce, amma ba za ta je Karachi ta yi ƙura a kan kabad ba. A nan za ta zauna. In kana son abinka, ka zo kowace bazara ka kaɗa wa yara mako uku. Nargis ta buga maka waya tana kuka, ka ce mata, "Ni ba ruwana da rigimar ƙauye, ku sasanta kanku." Tun kana yaro haka kake, in ana faɗa sai ka shige bayan ɓaunar tatsa ka jira a gama. Shekararka arba'in da huɗu yanzu, ɓaunar ma ta mutu. Ka fito.

Na shida. Padri Ilyas, karanta wannan da ƙarfi kamar sauran, kada ka yi tari a kansa. Kana zaune a kujera ƙarƙashin bishiyata ranar da aka rataye kofin, kana shan nono mai sanyi, ka gani da idonka. Da na aika a kira ka, ka ce, "Bibi, a yi haƙuri, a sa abin a addu'a." Ran Lahadi kuma ka yi wa'azi a kan ƙaunar juna, rabin tabarmi ba kowa. Kai ne kake ɗaga ƙoƙo ɗaya a Jibin Ubangiji kana miƙa wa kowa. Ban gane yadda bakin da ya isa ya sha a can bai isa ya sha a randata ba. Ka je wurin masu bulo da ƙafarka, ba a kan babur ɗin Shamaun ba, ka zauna a gidan Boota, ka roƙi ruwa ka sha. Bayan haka ka yi masa maganar baftisma.

Na bakwai. Nargis, ke ma ban bar ki ba. Kin rantse ba za ki sake taka gidan yayanki ba, kin hana Rahel gaishe shi. Fushinki yana kan hanya, amma kada ki raine shi ya girma tare da yarinyar. Filin da na ba ki ba sanda ba ce ta dukan 'ya'yan Shamaun. Danial da ƙannensa su zo karatu kamar kowa, su sha da moɗar kowa. In na ji daga inda nake cewa kin ware musu nasu kofin don ramuwa, ke da Rubina kun zama ɗaya a wurina.

Na takwas, jana'izata. Da alama cikin zafin nan za a yi ta, kuma daga nan zuwa maƙabarta tafiya ce. Mutane za su dawo da ƙishi. Kada a sayo lemon kwalba, kada a kawo kofunan roba na yarwa. A cika randunan nan biyu, Rahel ta tsaya a bakinsu, ita za ta ba kowa. A aika wa gidajen bulo shida cewa ni na gayyace su, su za su fara sha. Wanda ya ga ba zai iya sha bayansu ba, ya tafi gida da ƙishinsa, kada ya zauna mini makoki.

Shamaun, kai kuma kafin ka sa kafaɗa a akwatin gawata, ka ɗauko kofin nan mai jan fenti, ka miƙa wa Rahel ta cika, ta sha, ta ba ka sauran ka shanye a gaban jama'a. In ka yi, na yafe maka duniya da lahira, ka ɗauke ni da hannunka, kai ne babba. In ba za ka iya ba, ka matsa gefe, Boota ya kama wurinka. Ya saba ɗaukar kaya.

Ubangiji ya yi muku albarka ku uku, da 'ya'yanku, har da ke Rubina. Ya ba ku lafiya, ya ba ku inuwa da bazara, ya hana wani ya sake tsiyayo wa jinina ruwa daga sama. Ku riƙe juna. Mu kaɗan ne a ƙasar nan, ba mu kai yawan da za mu kasu biyu ba. Bazara mai zuwa ina so a ƙirga yara ashirin da shida a gindin darbejiya, ko fiye, da harmoniya tana tashi, da ku uku a tsakar gida ɗaya.

Kofin yana inda na ce, ɗana. Jiya na sa aka ɗauko mini shi, na wanke shi da toka da hannuna, don na san kana son tsafta. Ba shi da datti, Shamaun. Bai taɓa yin datti ba, ko a lokacin da uwarka take sha da shi.

Ni ce,
Sosan Bibi