Kwaryar Tsala da Allurar Dalacha

Tudun Sanetti,
Ranar Talata.

Baban Lensa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma girbin sha'ir yana tafiya daidai. Yaya ƙafar Inna? Mu nan kalau muke. Shanu sun ƙoshi, fararen furanni sun rufe tudu har bakin Baƙin Tafki, sai dai raɓa kan daskare da safe.

Akwai maganar da gara ka ji ta daga bakina. Ciwon haukan kare ya shiga cikin jajayen dilolin nan. Gawa uku na gani da idona a makon nan. A kwarinmu saura dila ɗaya, uwar nan mai yagaggen kunne, wadda ke bin sawun shanunmu tana kama gafiyoyi. Ta haihu a ƙarƙashin dutse, 'ya'yan ko leƙowa ba su fara ba. Ka san daga karnukanmu ciwon ke zuwa musu.

Masu allurar rigakafi sun hawo jiya. Kowa ya kora karensa bayan dutse, wai allura na kashe wa kare zuciya ya daina gadi. Na tuna kai ma ka ce kada a taɓa mana karenmu Dalacha. To, na taɓa. Na zuba masa tsala a kwarya, yana cikin sha na rungume wuyansa, aka soka masa. Maƙwabcinmu Tura har da riƙe ciki don dariya, wai: "Makida, yau kuma kare ake runguma? Kin mayar da shi tunkiya, sai ki fara haushin da kanki!" Na je na yi wanka.

Na san ranka zai ɓaci. Amma in uwar nan ta mutu, ramin ya mutu ke nan, ni kuwa zuciyata ba za ta ɗauka ba.

Taka,
Makida.

Tudun Sanetti,
Ranar Juma'a.

Baban Lensa,

Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Inna. Wata guda ke nan babu amsa, na kuwa gane shirun.

Kwana shida bayan waccan wasiƙa, babban karen Tura ya haukace. Da rana tsaka ya nufi tafki yana dalalar da yawu, hanyar ramin dilar nan sak. Dalacha, tunkiyar nan tamu, shi ya tare shi a cikin furanni, suka yi ta kokawa har maza suka iso da sanduna. Ya sha cizo a kafaɗa. Na ɗaure shi kamar yadda masu allura suka ce, kullum ina duba idonsa. Ga shi nan garau, jiya ma ya kori kura.

Da masu allurar suka dawo, maza sun yarda, amma ba mai iya kama karensa. To wa ke ba su abinci? Mu mata. Na bi bukka-bukka na tara mata, kowacce da kwaryarta. Karnuka ashirin da bakwai muka riƙe kafin la'asar. Tura ya zo yana sosa ƙeya: "Maman Lensa, ɗan ƙaramin nawa fa, ko za ki taimaka?" Na ce: "Kawo tsalarka, tawa ta ƙare."

Yau da hantsi na kai shanu ruwa, agwagi na ta iyo, sai ga uwar nan mai yagaggen kunne a kan dutse tana shan rana. Bayanta 'ya'ya huɗu, baƙi-baƙi, suna tuntuɓe da ƙafafunsu. Na ƙirga sau uku. Wallahi sai da na yi hawaye, kuma ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na yau ba.

Na saɓa maganarka, ban kuwa yi nadama ba. In faɗan za ka yi, ka hawo da wuri ka yi mini shi a bakin tafki. Amma ka yi a hankali, kada ka firgita su.

Lensa na gaishe ka, ta ce ka taho da gishiri da gahawa.

Matarka,
Makida.